Ikoyi Ta Ƙofar Baya

Ikoyi fadama ce a da. Gabashin tsibirin Ikko ne, inda gari ya ƙare daji ya fara: ciyayi, itatuwan bakin ruwa, sauro, da 'yan bukkokin masunta a gefen tafki. Ƙasar ta gidan sarautar Onikoyi ce, kuma sai da Turawa suka matsu da neman wurin zama nesa da cunkoson tsohon gari sannan idonsu ya kai kanta. Gwamna William MacGregor, wanda ya riƙe Legas daga 1899 zuwa 1904, likita ne tun kafin ya zama gwamna, kuma a zamaninsa aka haƙa mashigin ruwan da ke ɗauke da sunansa don a tsane fadamar. Wannan mashigi ne ya yanke Ikoyi daga sauran tsibirin. Yau an cike yawancinsa an yi gini a kai, abin da ya rage ya zama kwata, amma iyakar da ya shata tana nan daram.

MacGregor shi kansa bai goyi bayan raba mazaunin Bature da na baƙar fata ba. A ganinsa a kashe sauro, a gyara magudanan ruwa, a ba kowa kwinin. Waɗanda suka zo bayansa ba su bi shi ba. Tun da Ronald Ross ya tabbatar a 1897 cewa sauro ne ke yaɗa zazzaɓin maleriya, likitocin mulkin mallaka suka kafe a kan cewa a jinin yaran Afirka cutar take fakewa, don haka lafiyar Bature ita ce ya kwana nesa da su. Gwamna Lugga ya mayar da wannan ra'ayi doka a 1917: unguwar Turawa daban, garin 'yan ƙasa daban, a tsakani a bar fili mai faɗin yadi 440 wanda ba a gini a cikinsa. Mutumin Kano ya san wannan tsari, shi ya haifi Nasarawa, haka ma mutumin Kaduna da na Jos. A Legas Ikoyi aka zaɓa. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya aka shiga yanka manyan filaye, aka shimfiɗa tituna da har yanzu suke amsa sunayen gwamnoni, su Lugard, Thompson, Cameron, Bourdillon. Mai tahowa daga tsohon gari sai ya wuce mashigin ruwa, da bariki, da maƙabarta, da gidan yari kafin ya ga gidan Bature na farko. A 1938 aka haɗe kulob ɗin Turawa da na wasan golf ya zama Ikoyi Club.

Amma dokar ta bar ƙofa ɗaya a buɗe, domin Bature ba zai dafa wa kansa abinci ba, ba zai wanke rigarsa ba. Ɗan ƙasa ba shi da ikon kwana a unguwar, sai fa in baran gida ne. Daga nan aka sami fasalin gidan Ikoyi na asali: gida guda a tsakiyar fili mai kusan eka ɗaya ko fiye, da baranda mai faɗi da tagogi masu wayar sauro, ciyawa a gaba, shingen furanni a kewaye. Can ƙarshen filin, bayan itatuwan mangwaro, sai jerin ƙananan ɗakuna masu ƙofa ɗaya taga ɗaya, waɗanda kowa ke kira boyis-kwata. A nan kuku da boyi da gadina da mai wanki da guga suke. Tarihin Ikoyi da ake rubutawa na gidan gaba ne. Ni na ɗakunan baya na sani, domin a ɗaya daga cikinsu aka haife ni.

Hausawa sun riga gidajen nan zuwa yankin. A 1863 John Glover ya tara Hausawa, akasarinsu waɗanda suka kuɓuto daga bauta a ƙasar Yarbawa, ya ba su kaki da bindiga, kuma daga wannan 'yar rundunar sojan Nijeriya da 'yan sandanta suke ƙirga asalinsu. Dattawan Obalende suna bayar da labarin cewa da aka buƙaci filin da sojojin Hausawa ke zaune a kusa da filin sukuwa, sai aka tashe su da iyalansu aka dawo da su nan, daidai bakin Ikoyi. Tun daga lokacin Obalende ta zama masaukin ɗan Arewa: mahauta, masu tsire, 'yan goro, malaman allo, masallaci da mai unguwa. Wanda ya sauka daga jirgin ƙasa a tashar Iddo ba shi da kowa, in ya tambayi hanyar Obalende ba zai kwana da yunwa ba.

Haka mahaifina ya yi a shekarun 1950, yana saurayi daga wani ƙauye a ƙasar Haɗeja. Wani ɗan garinsu ya kai shi gidan wani Baturen kamfani a matsayin yaron kicin. Ya fara da faskare da wanke tukwane, ya koyi gasa burodi a murhun itace, ya koyi miyar Turawa da ba ta da yaji, har ya zama kuku. Yana da wani gwangwanin biskit da ba mai taɓa shi. A ciki akwai takardun shaida da kowane maigida ke rubuta wa baransa in zai koma gida Ingila, ninke a cikin tsumma, gefensu ya yi ja don tsufa. Baba bai iya karatun boko ba, amma ya san wace takarda ce ta wane, ya kuma haddace abin da kowace ta ce. Su ne jarinsa. Bara marar takarda ba ya samun aiki a Ikoyi, kuma wanda ya rasa aiki ya rasa ɗaki a rana ɗaya.

Wariyar ta fara tsagewa a 1947, lokacin da otal ɗin Bristol ya hana Ivor Cummings masauki. Cummings jami'i ne daga ofishin kula da ƙasashen mallaka a Landan, baƙar fata ne, mahaifinsa ɗan Saliyo. Jaridun Legas suka yi ca, 'yan siyasa suka haɗa kai, har Gwamna Arthur Richards ya sanar da hana nuna bambancin launi a wuraren jama'a. Unguwannin Turawa suka koma GRA, wato mazaunin manyan ma'aikatan gwamnati ko da wane launi ne. Da aka sami 'yancin kai a 1960, ministoci da alƙalai da manyan sakatarori da hafsoshin soja suka gaji gidajen. Birgediya Zakariya Maimalari a titin Thompson yake zaune daren juyin mulkin 15 ga Janairun 1966. Maigidan Baba na ƙarshe cikin Turawa ya tafi, wani babban sakatare ɗan ƙasa ya shigo, Baba ya ci gaba da aiki a kicin ɗin da ya sani, sai dai yanzu ana neman sakwara da miyar agushi.

Ɗaki biyu aka ba mu. Maƙwabcinmu na dama direba ne mutumin Ijebu, na hagu mai wanki da guga ne daga wajen Kalaba, na ƙarshe gadina. Famfo ɗaya, banɗaki ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Da Yarbanci muke faɗa da yaran direba, da Hausa muke shiryawa, domin kowa ya tsinci harshen kowa. Akwai dokoki da ba a rubuta ba amma ko yaro ya san su. Ba a daka a turmi bayan azahar, maigida na hutawa. Ba a ratsa ciyawar gaba. In an yi baƙi a gidan gaba, yara su shige ɗaki. Inna tana tuƙa tuwo da yamma ta sayar wa masu gadin layinmu ta ƙaramar ƙofar baya, uwargida ta sani amma ta kau da kai. Kuma ɗakinmu bai taɓa rabuwa da baƙo ba. Duk ɗan ƙauyenmu da ya shigo Ikko neman kuɗi sai ya yi mako ko wata a kan tabarmarmu kafin ya sami nasa wuri. Na sha jin Baba yana ce wa sabon zuwa: "Ɗan'uwa, nan gidanka ne, ka kwana lafiya. Amma kafin maigida ya fito shan shayi, ka tabbata ka riga ka fita ta baya."

Ba na kewar wannan zama, kuma ba na son mai karatu ya ɗauka daɗi ne. Ƙunci ne, da ƙasƙanci a ciki. Mutanen baya tukunya ne: ana cin abin da ta dafa, ba a kawo ta falo. Amma duk da haka wuri ne. Kuku yana kwana da matarsa da 'ya'yansa tafiyar minti ɗaya daga wurin aikinsa. Akwai ruwan famfo da wutar lantarki a lokacin da rabin Legas ba ta da su. Mu yara da ƙafa muke zuwa makarantar firamare a Obalende, kuma daga cikin waɗanda muka taso tare a bayan gidajen nan an sami malaman makaranta da ma'aikatan banki da hafsan soja. Talaka yana da adireshi a unguwar da ta fi kowace tsada a ƙasar.

Mulkin ƙasar ma a gefenmu yake. Barikin Dodan, inda fadar shugabannin soja take a lokacin, tun daga zamanin Gowon, yana bakin Obalende, gidan rediyon tarayya kuma yana kusa da shi, shi ya sa duk juyin mulki a kunnenmu ake yinsa. Ranar Juma'a 13 ga Fabrairun 1976 aka harbe Janar Murtala Muhammad a cunkoson motoci kusa da Sakatariyar Tarayya, yana kan hanyarsa ta zuwa ofis. An sallame mu daga makaranta da hantsi, muka tarar da Baba da direba da mai wanki sun kewaye rediyo ɗaya, ba mai cewa uffan. A shekarun nan ne kuma, bayan farin 1973, Buzaye daga Nijar suka fara cika ƙofofin Ikoyi da aikin gadi, da rawunansu da takubbansu da ƙaramar butar shayi a kan gawayi. Masu gida suna son su don ba su da wargi da ɓarawo. Korar baƙi ta Janairun 1983 ta kwashe da yawa daga cikinsu, wasu suka dawo daga baya.

Wanda ya tsufa a aikin gida, ko iyalinsa suka yi wa ɗaki ɗaya yawa, Maroko yake komawa. Unguwa ce a ƙetaren ruwa, bayan Victoria Island, gidajen katako da langa-langa a kan ƙasa mai tsatsafo, amma da makarantu da masallatai da coci-coci da kasuwa. Daga can direbobi da masu aikin gida da kafintoci da ƙananan ma'aikata ke fitowa kowace safiya su yi wa Ikoyi da Victoria Island hidima. A Yulin 1990 gwamnan soja na Legas, Raji Rasaki, ya ba mazauna wa'adin kwana bakwai, sannan katafila ta shiga, tsakiyar damina. Mutanen da aka tasa an ƙiyasta sun kai 300,000. Hujjar gwamnati ita ce wurin yana ƙasa da ruwa, ba ya zaunuwa. Kaɗan daga cikinsu aka kai gidajen da ba a gama ba a Ilasan da Ikota, sauran kowa ya kama gabansa. Tsohon mai wankinmu, wanda ya kashe kuɗin sallamarsa ya kafa ɗaki uku a can, ya dawo mana da dutsen guga a hannu da katifa jiƙe a ka, ya kwana a barandar ɗakin da ya bari. Ƙasar da aka ce ba ta zaunuwa an cike ta da yashi, yau ita ce yankin Oniru, da manyan benaye da kantuna. Wannan abu har gobe yana ci mini rai, domin yashin da aka zuba bayan an kore su ana iya zuba shi suna nan.

Mu na bayan gidajen Ikoyi ba mu shafa wa gemunmu ruwa ba, don muna ganin gidan gwamnati ba mai taɓa shi. Ranar 12 ga Disamban 1991 Janar Babangida ya tare a Abuja, ma'aikatu suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Gidajen suka fara lalacewa, rufi na yoyo, ciyawa ta zama daji. Ma'aikacin da aka bar wa gida, albashi ba ya isa, sai ya ba da hayar ɗakunan baya, ya ba da gareji, wani har da kicin. Masu shayi da bakanikai da masu kiyos suka kafa a bakin shinge. A idona, ba a taɓa samun talakawa da yawa a cikin Ikoyi irin na shekarun 1990 ba.

Gwamnatin Obasanjo ce ta kawo ƙarshen wannan. A 2003 ta fito da tsarin biyan ma'aikaci kuɗi maimakon ba shi gida da mota, gidajen gwamnati kuma a sayar. Yadda aka fara cinikin ya jawo abin kunya: a Afrilun 2005 aka sauke ministar gidaje, Mobolaji Osomo, kan rabon gidaje 207 ga manyan mutane ba tare da gwanjo a fili ba, aka soke cinikin aka sake. A Disamban wannan shekara jami'an tsaro suka fitar da ma'aikata daga rukunin gidaje na 1004 da ke Victoria Island, wanda a jamhuriya ta biyu 'yan majalisar tarayya ke zama a ciki, daga baya aka sayar aka gyara shi don masu hali. Sakatariyar Tarayya ma a 2006 aka miƙa ta ga wani kamfani don ya mayar da ita gidajen alfarma, taƙaddama da gwamnatin jiha ta tsayar da aikin, ginin ya zauna kango shekara da shekaru.

Wanda ya sayi gidan Ikoyi da ɗaruruwan miliyoyi ƙasar ya saya. Lissafin a fili yake: filin da iyali ɗaya ke zaune a kai zai ɗauki bene mai filat ashirin ko talatin, kowane a sayar ko a ba da haya da kuɗin da ya kusa na tsohon gidan gaba ɗaya. Don haka aka bi gidajen da rusau, layi bayan layi. Maigidan gaba ya karɓi haƙƙinsa ya koma wani gida. Na baya, waɗanda sunansu ba ya cikin kowace takarda, takardar tashi kawai suka gani manne a ƙofa. Lokacin da aka zo kan gidan da na taso, Baba ya riga ya koma Haɗeja, Allah ya yi masa rasuwa a can, amma iyalin gadina suna nan, jikoki ma a ɗakin aka haife su. An ba su 'yan makonni. Itatuwan mangwaron aka fara sarewa don motar yashi ta sami hanya. Da gwamnati ta ware ko da kaso kaɗan na wannan ƙasa, wadda amana ce a hannunta, ta gina ƙananan gidajen haya don masu yi wa unguwar aiki, da labarin ya bambanta. Ta zaɓi ta sayar wa wanda ya fi tayi.

Ruwa ma bai tsira ba. An cike gefen tafki da yashi aka fitar da sabbin unguwanni, mafi shahara Banana Island, inda fili ya fi ko'ina tsada a ƙasar. A Mayun 2013 aka buɗe gadar da ta haɗa Ikoyi da Lekki, masu gudun motsa jiki suka mayar da ita dandalinsu na asuba. Gidajen cin abinci, wuraren shan kofi da ɗakunan baje zane suka cika titin Awolowo da kewayensa.

Ɗan ƙanwata yana gadi a ɗaya daga cikin sababbin benayen, ta hannunsa na ga yadda zaman yake. Baƙo ba ya shiga sai mai gida ya turo masa lamba ta waya, ya nuna a ƙofar farko, a rubuta sunansa a ta biyu. Lif ba ya motsi sai da kati, kuma katin hawan da kake kawai zai kai ka. Akwai lif na biyu a baya, na masu aiki da kaya da shara. A ƙasa akwai janareta fiye da ɗaya, in wannan ya huta wancan ya karɓa, da tankin dizal, da rijiyar burtsatse da injin tace ruwa, domin ruwan ƙarƙashin Ikoyi ba ya shayuwa haka nan. A sama wurin ninƙaya, ɗakin motsa jiki, filin wasan yara. Daga falon hawa na sama ana hango tafki har zuwa gadar Third Mainland. Haya ta shekara ce, a biya gaba ɗaya, sau da yawa da dala ake yanka ta duk da Babban Banki ya sha yin gargaɗi a kan haka. Bayan haya akwai kuɗin hidima, na dizal da tsaro da shara da gyaran lif, wanda shi kaɗai ya ninka albashin maigadi na shekara sau da yawa.

Mazaunan ma'aikatan kamfanonin mai ne da bankuna da na sadarwa, jami'an ofisoshin jakadanci, 'yan Nijeriya da suka dawo daga Amurka da Ingila, 'yan siyasa, mawaƙa. Ba na ganin laifinsu don sun nemi jin daɗi, arziki rabo ne. In ka duba da kyau ma, abin da suke saye da wannan maƙudan kuɗi shi ne wutar da ba ta ɗaukewa, ruwa mai tsabta, barci ba fargaba, da wurin da yaro zai yi wasa, abubuwan da ya kamata kowane ɗan ƙasa ya samu daga hukuma. Kowane bene ya zama 'yar ƙaramar hukumar kansa. Sai dai ikonsa a bakin ƙofa ya tsaya. In aka yi ruwa mai ƙarfi, irin na Yulin 2017, titin da ke gaban ginin yakan cika har gwiwa, motar miliyoyi ta mutu a ciki.

Boyis-kwata bai mutu ba, har yanzu dillalai suna sa shi a talla: ɗaki uku, da na bara ɗaya. Na leƙa ɗaya. Wani lungu ne a bayan kicin, katifa ƙarama ta cinye shi, tagar tana kallon bangon bututun ruwa. Na mutum ɗaya ne, yawanci yarinya mai aiki ko mai raino, ba miji, ba ɗa, ba baƙo. Direba ba shi da ɗaki, a wurin ajiye motoci yake wuni, in an tashi ya nemi hanyar gida. Maigadi irin na da, wanda ke da ɗan ɗakinsa a bakin ƙofa da buzun sallah da teburin alewa da goro, wanda ya san kowane yaro na gidan tun yana goye, an maye gurbinsa da kamfanin tsaro. Ɗan ƙanwata yunifom gare shi da kujerar roba, awa goma sha biyu a tsaye ko a zaune, kuma kamfani na iya ɗauke shi gobe ya kai shi wani gini. Na tambaye shi ko mutanen gidan sun san sunansa. Ya ce, "Kawu, mutum biyu ne ke gaishe ni da suna. Sauran gilashin mota kawai nake gani. Sallah ma sai na roƙi abokin aikina ya riƙe mini ƙofa." Na ce to ina yake kwana. Ya ce a Obalende, su shida a ɗaki, na dare su kwanta da rana, na rana su kwanta da dare.

Shi ne kuma ya nuna mini tagogin da ba a taɓa kunna musu fitila ba. Maigadi ya fi kowa sanin filat nawa ne ba kowa a ciki. Wasu masu su suna ƙasar waje, sai Disamba suke leƙowa. Wasu an saye su ne don a adana dukiya a siminti saboda naira na zubewa. Wasu kuma ajiyar ta wuce haka. A Afrilun 2017 hukumar EFCC ta buɗe wani filat a Osborne Towers, nan cikin Ikoyi, ta tarar da dala miliyan 43.4 a cikin akwatunan ƙarfe da durowa, ban da fam da naira. Hukumar leƙen asiri ta ƙasa ta ce kuɗinta ne, shugabanta Ayodele Oke ya rasa kujerarsa, kotu ta mallaka wa gwamnati kuɗin. Ɗakuna masu sanyi da kuɗi ke kwana a ciki, alhali mai gadinsu yana karɓa-karɓar katifa.

Gaggawar hawa sama ta ci rayuka. Ranar 1 ga Nuwamban 2021 wani bene mai hawa 21 da ake kan ginawa a titin Gerrard ya rufta da rana tsaka, ma'aikata na ciki. Mutum fiye da 40 suka mutu, har da mai ginin, Femi Osibona. Filat ɗin da ake tallatawa a wurin farashinsu ya haura dala miliyan ɗaya. Daga baya ta bayyana cewa kamfanin injiniyoyin da ya fara kula da aikin ya janye hannunsa tun a 2020, a rubuce. Yawancin mamatan leburori ne da magina da masu fenti, 'yan aikin yini, kuma iyalai ne suka riƙa zuwa da hotuna suna rubuta sunayen waɗanda ba su dawo gida ba. A Afrilun 2023 wani bene mai hawa bakwai ya sake faɗuwa a Banana Island kafin a gama shi.

Hanyar zuwa aiki ma ta ƙara tsawo. A Fabrairun 2020 gwamnatin Legas ta hana acaba da Keke Napep a wasu ƙananan hukumomi, ciki har da Eti-Osa inda Ikoyi take, ta sake jaddada hanin acaba a Yunin 2022. Dubban 'yan Arewa da ke wannan sana'a suka rasa abin yi, mai aikin gida kuma da ta sauka daga mota a Obalende ko Falomo sai ta taka da ƙafa zuwa can cikin unguwa. Wanda ke zaune a Ajah ko a ƙetaren gada tun kafin kiran assalatu yake fitowa, kuɗin mota ya cinye kusan rabin abin da yake samu. Mutum kuwa dole ya kwana kusa da abincinsa. A 2024 jami'an muhalli na jihar suka gano ɗakuna 86 da aka yanka da katako a ƙarƙashin gadar Dolphin Estate, cikin Ikoyi, kowane bai fi ƙafa goma zuwa sha biyu ba, kuma kwamishinan muhalli Tokunbo Wahab ya ce mazaunan suna biyan hayar naira 250,000 a shekara. An rushe ɗakunan, an kwashe katakon. Ɗan ƙanwata ya san wasu daga cikin waɗanda abin ya shafa, masu wankin mota da leburori da wani mai gyaran takalmi. Ya ce wasu sun tafi Ajah, wasu sun koma gida Arewa, wasu kuma sun shirya da masu gadin benayen da ake kan ginawa, suna ba da ɗan wani abu a wata su shimfiɗa kwali a hawa na biyu ko na uku, har ranar da za a zo sa tagogi a ce su tashi.